Yadda ake gyara VLOOKUP idan ya ƙi gane lokaci a Excel da Google Sheets

A wani ƙarshen wata ina haɗa wa wani gidan biredi lissafin albashi, Excel ya hana ni barci. Aikin ba mai wuya ba ne a ido. Na'urar dangwala yatsa da ke bakin ƙofa tana fitar da takarda mai ɗauke da sunan ma'aikaci, da lokacin da rukuninsa ke fara aiki, da lokacin da shi ya iso. Ni kuma ina da ɗan jadawali a gefe: masu shiga ƙarfe 06:00 alawus ɗinsu kaza, masu 08:00 kaza, masu kwana kaza. VLOOKUP zai ɗauki lokacin ya nemo kuɗin, shi ke nan. Ina danna Enter na ja fomular ƙasa, sai ga #N/A ya jeru daga sama har ƙasa. Ga 08:00 a takardar na'ura, ga 08:00 a jadawalina, kamar an tsaga kara, amma Excel ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Manaja ya kira har sau uku: "Malam, yaran nan fa suna jiran haƙƙinsu."

Abin da ya ɗaure min kai a daren shi ne na yarda da idona. Abin da kake gani a cikin akwatin Excel riga ce kawai aka sanya wa wata lamba. Kai rigar kake kallo, VLOOKUP da 'yan'uwansa fomulolin nema, MATCH da XLOOKUP, kuwa jikin da ke ƙarƙashinta suke dubawa.

Abin da ke ƙarƙashin rigar

Excel bai san "ƙarfe takwas" ba. A wurinsa kwana ɗaya cur shi ne lamba 1, lokaci kuma yanki ne na wannan ɗayan. Sha biyun rana rabin kwana ne, wato 0.5. Shida na safe rubu'i ne, 0.25. Shida na yamma 0.75. Takwas na safe sulusin kwana ne, 0.333333 har abin da ya yi gaba. Awa ɗaya ita ce 1 a raba da 24, minti ɗaya 1 a raba da 1440, sakan ɗaya 1 a raba da 86400. Riƙe lambobin nan biyu na ƙarshe, za mu yi ta komawa kansu.

Kwanan wata kuma ƙidayar kwanaki ce. Excel yana ɗaukar 1 ga Janairu 1900 a matsayin rana ta 1, saboda haka 1 ga Janairu 2025 ita ce 45658. Takwas na safiyar wannan rana ita ce 45658.333333. Google Sheets da LibreOffice Calc sun fara tasu ƙidayar daga 30 ga Disamba 1899, amma a kwanakinmu na yanzu lambar ɗaya suke bayarwa da Excel.

A misalan da ke tafe, lokacin da kake nema yana akwatin E2, jadawalin kuma lokutansa suna layin A, amsoshinsa suna layin B.

Mataki na farko: dubi fomular kanta

Wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya. Tabbatar fomular ta ƙare da sifili, kamar haka: =VLOOKUP(E2,$A$2:$B$100,2,0). Sifilin nan shi ke cewa "daidai wa daida nake so". In ka cire sifilin tare da waƙafinsa, VLOOKUP zai kawo na kusa. Tabbatar kuma da alamun dalar nan suna wurinsu, don idan babu su, duk lokacin da ka ja fomular ƙasa jadawalin ma zamewa yake yi, layukan sama su fita daga abin da ake dubawa. In waɗannan biyun lafiya suke, to matsalar tana cikin lokutan.

Mataki na biyu: tuɓe rigar

Zaɓi akwati biyu da ka tabbatar ya kamata su dace, ɗaya daga kowane ɓangare. Danna Ctrl da 1 tare, ka zaɓi Number, ka ƙara gurbin bayan ɗigo ya kai 15. A Google Sheets ka shiga Format, sannan Number, sannan ka ƙara guraben da maɓallin da ke saman shafi. Yanzu kalli abin da ya fito, don shi zai nuna maka hanyar da za ka bi.

In akwatin bai motsa ba, har yanzu yana nuna 08:00, to rubutu ne ba lamba ba. In ka ga babbar lamba kafin ɗigo, irin su 45658.33, akwai kwanan wata a ɓoye. In ka ga ɗaya yana 0.333333 ɗaya kuma 0.333796, akwai sakanni a ɓoye, a nan sakan 40 ne. In kuwa lambobin biyu sun fito iri ɗaya sak har gurbi na 15 kuma duk da haka VLOOKUP ya ƙi, to ka haɗu da mai wuyar, wadda zan daɗe a kanta a ƙasa.

Mataki na uku: in rubutu ne

Wannan shi ya fi yawa, musamman idan bayanan sun fito daga wata na'ura, ko fayil ɗin CSV, ko an kwafo su daga intanet ko WhatsApp. Alamar farko: rubutu yana jingina a hagun akwati, lamba a dama, matuƙar ba wanda ya taɓa jerin. Amma kada ka dogara da wannan. Rubuta =ISNUMBER(E2) a wani akwati. In ya ce FALSE, rubutu ne. Yi wa ɓangaren jadawali ma haka, don sau da yawa mutum yakan yi ta wanke ɓangare ɗaya alhali dattin yana ɗayan.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne ya zaɓi layin ya canza masa siga zuwa Time, ya zaci ya gama. Ba ka yi komai ba. Ka ɗinka wa rubutu rigar lokaci ne, shi kuwa yana nan a rubutunsa. Dole a sa Excel ya sake karanta abin da ke ciki. Hanya mafi sauri: zaɓi layin gaba ɗaya, mayar da sigarsa General, shiga Data, danna Text to Columns, ka danna Finish ba tare da ka taɓa komai ba. In akwati biyu ne ko uku kacal, danna F2 sannan Enter a kan kowanne.

In hakan bai yi ba, akwai abin da ya maƙale wa rubutun. Gwada =LEN(E2). Rubutun 08:00 harafi 5 ne. In ka ga 6, akwai sarari a gaba ko a baya da ido ba ya gani. TRIM yana share sarari na yau da kullum, amma akwai wani mai taurin kai da ke biyo rubutun shafukan intanet, lambarsa 160, wanda TRIM ba ya taɓawa. Wannan fomular tana kama su duka:

=TIMEVALUE(TRIM(SUBSTITUTE(E2,CHAR(160)," ")))

Amsar za ta fito a 0.3333, sai ka sanya mata sigar lokaci. Af, in ka gwada LEN a kan lokaci na gaskiya za ka ga 17 ko makamancin haka, kada ya firgita ka: haruffan 0.333333333333333 yake ƙirgawa, kuma wannan shaida ce cewa lamba ce.

Sai kuma halin rubutunmu na gida. Da yawanmu tun a makaranta muka saba rubuta takwas da rabi da ɗigo, 8.30. Excel zai karɓa ba musu, amma a wurinsa kwana takwas ne da ɗoriya. Sanya masa sigar lokaci ka ga abin mamaki: 07:12 zai nuna, domin 0.3 na kwana awa bakwai ne da minti goma sha biyu. ISNUMBER zai ce TRUE, ka yi ta neman ɓarawo alhali yana zaune a gabanka. Maganinsa:

=TIME(INT(E2),ROUND(MOD(E2,1)*100,0),0)

Masu rubuta 0830 irin na sojoji kuma, wanda Excel ke mayarwa 830, nasu shi ne =TIME(INT(E2/100),MOD(E2,100),0). Wanda ya rubuta 8:00 a.m. da ɗigogi, ko ya manne am da lambar ba sarari, shi ma ka bincike shi da ISNUMBER. Ka tuna kuma in aka rubuta 8:00 zalla, na safe Excel ke ɗauka. Takwas na dare sai an rubuta 20:00 ko 8:00 PM.

Mataki na huɗu: kwanan wata da sakanni a ɓoye

Wannan ne rabin abin da ya same ni a gidan biredi. Na'urar tana fitar da ranar da lokacin tare, amma wanda ya tsara takardar ya sa ta nuna awa da minti kawai. Ni ina neman 0.3333, ita tana riƙe da dubu arba'in da biyar da wani abu. Danna akwatin ka kalli sandar fomula da ke sama, galibi a nan asirin ke tonuwa: za ka ga ranar da sakannin duka.

Ana cire kwanan wata da =MOD(E2,1), wadda ke jefar da cikakkiyar lambar ta bar abin da ke bayan ɗigo. Na yi haka, na ja ƙasa, layuka da yawa suka gyaru, na fara murna. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Masu 06:00 sun fito, masu 08:00 suna nan da #N/A ɗinsu.

Mataki na biyar: ƙurar da ke bayan ɗigo

Ɗauki naira 100 ka raba wa mutum uku. Kowa zai samu 33.33, in ka sake tarawa 99.99 za ka gani, kwabo ɗaya ya ɓace a hanya. Ba wanda ya sata, lissafin ne ba ya ƙarewa, kuma dole ka yanke shi a wani wuri. Haka kwamfuta take fama, sai dai ita da sifili da ɗaya take ƙirga. Excel da Sheets suna ajiye lamba bisa ƙa'idar da ake kira IEEE 754, wadda ke ba kowace lamba gurbi mai iyaka. Lambobin da ake samu ta hanyar raba kwana biyu-biyu, wato rabi, rubu'i, ɗaya bisa takwas, suna zama daidai: 12:00, 06:00, 09:00, 18:00. Sauran, irin su 08:00 da 13:10, ba sa ƙarewa, sai an datse musu wutsiya.

In ka rubuta 08:00 da hannu a wuri biyu, datsewa iri ɗaya za a yi musu, su dace. Matsalar tana tasowa ne idan ɗaya an rubuta shi, ɗayan kuma lissafi ne ya haife shi. Misali ka gina jerin lokuta da =A2+TIME(0,15,0), kowane layi yana ɗora minti 15 a kan na samansa; kowane tari yana iya barin 'yar ƙura, kuma ƙurar tana bin jerin ƙasa. Ko ka ja jerin da linzamin kwamfuta. Ko ka ɗebe lokacin shiga daga na fita. Ko, kamar ni, ka yi amfani da MOD: lamba mai kwanan wata ta riga ta kashe gurbi biyar a kan 45658, saboda haka abin da ya rage wa bayan ɗigo bai kai na 08:00 da aka rubuta shi kaɗai ba. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba, amma ya ishi VLOOKUP ya juya maka baya.

Abin da ke ƙara rikita mutum shi ne Excel ba ya nuna fiye da lambobi 15, kuma yana da kara. Ka rubuta =E2=A5 yana iya ce maka TRUE. Ka rubuta =E2-A5 yana iya ba ka sifili, domin idan sakamakon ɗebewa ya yi ƙanƙanta ƙwarai yakan share shi da kansa. MATCH da VLOOKUP kuwa ba su da wannan karar, har ƙwayar ƙarshe suke gwadawa. In kana son gani da idonka, saka ɗebewar cikin baka biyu ka ninka ta: =(E2-A5)*86400. Sanya wa akwatin siga ta Scientific. In ka ga wani abu mai E-12 ko E-07 a ƙarshe maimakon sifili, ga ƙurar nan.

Mataki na shida: mayar da lokacin minti, a ɓangarori biyu

Akwai dabaru da yawa da ake bayarwa a nan. Ni dai wadda na tsaya a kai ita ce in daina gwada yankin kwana da yankin kwana gaba ɗaya. Cikakkiyar lamba ba ta da wutsiyar da za a datse: 480 ita ce 480 ko ta ina aka zo da ita.

Buɗe sabon layi a hagun jadawalinka, ka sa masa suna Minti. Lokutan za su koma layin B, amsoshin su koma C. A sabon A2 rubuta:

=MOD(ROUND(B2*1440,0),1440)

Ja ta ƙasa, ka mayar da sigar layin General, in ba haka ba Excel zai iya nuna maka 00:00 ka zaci ba ta yi aiki ba. Ƙarfe 08:00 zai zama 480, 08:15 ya zama 495, 13:30 ya zama 810, 22:00 ya zama 1320. Fomular nan aiki uku take yi a tashi ɗaya: ninkawa da 1440 ta mayar da kwana minti, ROUND ya kakkaɓe ƙurar, MOD kuma ya zubar da kwanan wata in akwai shi. Yi irin wannan a ɓangaren da kake nema; a ce lokacin yana nan a E2, sai ka rubuta a F2: =MOD(ROUND(E2*1440,0),1440). Sai binciken ya koma:

=VLOOKUP(F2,$A$2:$C$100,3,0)

Na ce ɓangarori biyu, kuma da gaske nake. In ka gyara ɗaya ka bar ɗaya, 480 kake nema a cikin jerin 0.3333.

A nan akwai hukuncin da ba na kwamfuta ba ne, naka ne. ROUND yana tura 08:00:40 zuwa 481, wato 08:01. In lissafin makara kake yi, wannan na nufin wanda ya dangwala yatsa agogon bango yana nuna takwas daidai za a rubuta shi cikin makararru. A ganina bai dace a yanke wa mai kwaɓa fulawa kuɗi saboda sakan 40 ba. In kana son a zubar da sakannin, yi amfani da wannan:

=MOD(INT(ROUND(E2*86400,0)/60),1440)

Kada ka yi wayon gajarce ta zuwa INT(E2*1440). In ƙura ta sa 480 ta zama 479.9999999, INT zai sare ta zuwa 479, ka tashi da 07:59. Shi ya sa ake fara daidaita ta a matakin sakan kafin a sare. In kuma sakannin suna da muhimmanci a aikinka, kamar tseren gudu ko tsawon kiran waya, bar mabuɗin a sakan: ROUND(E2*86400,0).

Wanda ba ya son ƙarin layi zai iya haɗa komai wuri ɗaya, da jadawalin a yadda yake tun farko:

=INDEX($B$2:$B$100,MATCH(MOD(ROUND(E2*1440,0),1440),MOD(ROUND($A$2:$A$100*1440,0),1440),0))

A Microsoft 365 da Excel 2021 Enter kawai za ka danna. A Excel 2019 da waɗanda suka gabace shi sai ka danna Ctrl da Shift da Enter tare. A Google Sheets ka lulluɓe ta da ARRAYFORMULA. Tana aiki, amma na fi son layin Minti, saboda wanda zai gaji fayil ɗin bayanka zai ga 480 da idonsa ya gane abin da ake ciki. Wasu kuma suna mayar da ɓangarorin biyu rubutu da =TEXT(E2,"hh:mm"). Wannan ma yana daidaita su, sai dai ba za ka iya tara su ko ɗebe su ba daga baya.

Wanda ya fi #N/A haɗari

#N/A aƙalla yana ihu. Binciken "na kusa" shi ne ke ɓarna shiru. A ce jadawalin makara ya ce daga 08:01 a cire naira 200, daga 08:16 a cire 500. Irin wannan ana yinsa da VLOOKUP mai ƙarewa da 1, wanda ke ɗaukar mafi girman lokacin da bai wuce naka ba. In ƙura ta sa 08:16 ɗinka ya gaza na jadawali da ƙwayar zarra, zai faɗa rukunin 200, kuma ba wata alama da za ta nuna maka. Saboda haka ko ba ka ga kuskure ba, mayar da iyakokin minti: 0, 481, 496. Jera su daga ƙarami zuwa babba, dole ne, kuma kada ka manta da layin 0, in ba haka ba duk wanda ya zo da wuri #N/A zai samu. A XLOOKUP, saka -1 a gurbi na biyar shi ke yin wannan aikin, kuma shi ba ya tilasta maka jerawa.

'Yan abubuwan da suka rage

Masu aikin dare: daga 22:00 zuwa 06:00 ɗebewa kai tsaye tana ba da lamba ƙasa da sifili, Excel ya cika akwatin da ####. Yi =MOD(fita-shiga,1), sannan ka mayar da amsar minti kafin ka nema. In kuwa jimlar awanni kake nema, wadda kan wuce 24, cire MOD ɗin 1440 daga mabuɗin: awa 25 da rabi tana nunawa 01:30 sai an sa mata siga [h]:mm, kuma mintinta 1530 ne, ba 90 ba.

In duk lokutanka sun kauce da awa ɗaya cif, ba ƙura ba ce. Manhajoji da yawa suna fitar da bayanai a agogon UTC, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya, Ghana tana daidai da shi. Ƙara 1/24 kafin ninkawa da 1440.

'Yan'uwa a Nijar masu Excel na Faransanci: VLOOKUP shi ne RECHERCHEV, MATCH shi ne EQUIV, ROUND shi ne ARRONDI, INT shi ne ENT, ISNUMBER shi ne ESTNUM, kuma da alamar ; ake raba sassan fomula maimakon waƙafi. Wanda ya rubuta 08h30 yadda aka saba a takarda, a gwada shi da ESTNUM, in rubutu ne a sauya h ɗin da ɗigo biyu.

Abu biyu nake roƙo kada ka yi. Kada ka rufe fomular da IFERROR tun kafin ka gano dalilin kuskuren. Rufe miki ne da tsumma, alawus ɗin mutum ya koma sifili ba wanda ya sani. Kuma kada ka kunna zaɓin Set precision as displayed da wasu ke ba da shawara, domin yana datse lambobin fayil ɗin gaba ɗaya zuwa yadda suke nunawa, kuma abin da ya datse ba ya dawowa.

Kafin ka miƙa aikin, ƙirga abin da ya rage. In amsoshin suna layin G, =SUMPRODUCT(--ISNA(G2:G300)) zai gaya maka #N/A nawa suka saura. A daren nan nawa ya nuna 3. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk na rana ɗaya ne, ranar da aka ɗauke wuta na'urar ta mutu, mai gadi ya rubuta sunaye a littafi, wani kuma ya shigar da su da hannu. A duk ukun 8.00 ya rubuta, da ɗigo. Mabuɗin minti ya mayar da su sifili, wato sha biyun dare, lokacin da babu shi a jadawalin. Na goge su na rubuta 08:00, ƙirgar ta koma 0, na tura wa manaja fayil ɗin ana kiran assalatu.